Fuskar Mai Gada a Bangon Sito

Tela ce ta fara kawo maganar. Shagonta yana kallon dogon bangon tsohon sito, wanda tun da aka daina ajiye kaya a cikinsa ya zama wurin liƙa tallan maganin basir da hotunan 'yan takara. Duk lokacin da ta ɗaga kai daga kan keken ɗinki, shi take gani. Wata rana Mai Magani, maƙwabcinta mai kantin magunguna, ya shigo a rage masa ƙafar wando, ta ce masa, "Bangon nan ya ishe ni. Me zai hana a kankare shi a zana tarihin unguwar nan a jiki? Yaran yanzu ba su ma san akwai lokacin da sai an tuɓe takalmi ake shiga unguwar nan ba."

Mai Magani ya ce magana ce mai kyau. Aka kafa kwamiti, aka ba shi shugabanci saboda shi ne mai tabarau. A shagon Tela ake zama, a kan benci, tsakanin ƙyallaye da zare. Ita ce ta huda murfin gwangwanin madara, ta riƙa bi shago shago tana neman gudummawa bayan ta tashi daga aiki. Wani ya ce ta dawo gobe, wani ya tambaye ta ko zane ake ci. Ba ta fasa ba.

Ana cikin haka ƙanwarta Auta, wadda ke aiki a gidan rediyo, ta zo gwada riga. Ta ɗauki gwangwanin ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta yi dariya.

"Yaya, da wannan za ki fente bango? Ko ƙofar banɗaki ba zai fente ba."

"Ajiye min abina. Ɗaga hannu in ga hammatar."

Sai dai a shirinta na safe Auta ta ɗauko maganar bangon. Ta iya baki, tun tana ƙarama haka take. Kafin mako ya zagayo, mai sayar da siminti ya ce shafen bango nasa ne, wani ɗan kasuwa ya aiko da bokitan fenti, waɗanda suka bar unguwar tun da daɗewa suka fara turo gudummawa ta waya. Shagon Tela ya yi wa taro kaɗan, aka koma wani aji a makarantar firamare.

A zaman farko na can, Mai Magani ya miƙe ya gyara tabarau ya ce, "Jama'a, kafin komai mu gode wa Auta, wadda ta tashe mu daga barci." Aka tafa. Tela tana bayan aji tana zuba wa mutane shayi. Ta cika wani kofi har ya zube mata a yatsa.

A ranar aka tsayar da waɗanda za a zana. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, akwai shugaban makaranta na farko. A tsakiya kuwa kowa ya yarda a sa mahaifin su Tela, kafintan da ya kafa gadar katako a kan rafi bayan ruwa ya tafi da wata 'yar makaranta. Shi kaɗai ya fara aikin, da katakon shagonsa, har mutane suka ji kunya suka taya shi. Tun daga nan ake kiransa Mai Gada har ya rasu.

Mai Zane, wani siririn mutum mai yawan shiru da aka ɗauko daga wata unguwa, ya nemi hoto. Hoto ɗaya ne ya rage, shi ma danshi ya cinye rabin fuskar. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce ba zai iya aiki da wannan ba. Sai wata tsohuwa a layin gaba ta nuna Auta da sandarta.

"Kuna wahalar da kanku. Ga fuskar Mai Gada nan zaune. Hancin, goshin, har yadda take ɗage gira. Ka ƙara mata gemu kawai."

Aka kwashe da dariya, Auta ta rufe fuska da gyale. Mai Zane ya dube ta da kyau ya gyaɗa kai.

Tela ita kamannin mahaifiyarsu Inna ta ɗauko, gajeriya mai zagayayyar fuska. Amma ita ce ta yi jinyar Baba shekarun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Ita take yi masa aski, ita take juya shi, ita take ba shi abinci a baki yana yi mata faɗa wai ta cika gishiri. Duk wannan lokacin Auta tana makarantar kwana, sai hutu take zuwa ta zauna a bakin gado ta ba shi labari ya yi dariya, ta koma.

Da ta faɗa wa mijinta Direba abin da ya faru, ya ce, "Ke ki gode wa Allah. Da kin ɗauko wannan hancin na Baba, ai da tun daga zaure na juya." Ta yi masa kallo ɗaya, ya ɗauki makullin motarsa ya ce bari ya duba taya.

Abin da ya ƙara dagula mata rai, Mai Zane ya ce babu inda haske ya kai na ƙofar shagonta kyau. Nan aka riƙa ajiye wa Auta kujera. Masu wucewa suna tsayawa suna leƙa takardar da yake zana ta a kai suna cewa, "Kai, Mai Gada ya dawo!" Tela tana taka keke da ƙarfi har teburin yana rawa.

"Wannan ba Baba ba ne," ta ce wata rana ba tare da ta ɗago ba.

Mai Zane ya juyo. "To Yaya, ina ne bai yi ba? Ki gaya min in gyara."

"Ka tambayi mai fuskar."

Auta ta ce, "Haba Yaya."

"Kar ki motsa, za ki ɓata masa aiki."

Da aka zo kan kuɗin hayar katakon hawa da ladan Mai Zane, abin da aka tara bai kai ba. Auta ta kawo shawarar a yi gwanjon tsofaffin kaya a filin makaranta, kowane gida ya kawo wani abu na da. Aka kawo fitilun ƙwai, tsohuwar rediyo, ƙararrawar makaranta ta farko. Tela tana tsaye a gefe da gwangwaninta sai ta ga Auta ta ɗaga wata guduma mai baƙin ƙota, ta ce a lasifika, "Wannan ita ce gudumar da ta kafa gada!"

Gudumar a ƙarƙashin gadon Tela take zama, naɗe a cikin tsohon zane. Ta waiga ta nemi Direba, ta hango shi yana ɓuya a bayan wani mai tsayi.

Wani ɗan kwangila ya sa kuɗi. Tela ta ɗaga hannu ta ƙara. Ya ƙara, ta ƙara. Mutane suka fara shewa, sun ɗauka shiri ne 'yan'uwan suka yi don a ɗaga farashi. Ɗan kwangilar yana dariya yana ƙarawa, ita kuwa hannunta kawai ke tashi. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu biyu ya ce ya bar wa 'yar gida. Abin da ta ɗauka wa kanta ya kai ɗinkin wata da watanni. Mai Magani ya karɓi lasifika ya ce kuɗin katako ya samu har da ragi, sannan ya ƙara da cewa, "Kun ga tsari irin na Auta ko?"

A bayan aji Auta ta sami Tela rungume da gudumar.

"Yaya, wallahi ban san abin zai yi miki zafi haka ba. Na tambayi mijinki ya ce ba komai."

"Fuskar ba ta ishe ki ba? Sai kin haɗa da abin da ya bar min?"

Da Auta ta buɗe baki, muryar ba irin ta rediyo ba ce. "Kin san yadda nake ji a kujerar nan? Mutum yana kallona yana zana wani wanda ban gama sani ba. Sau nawa na tambaye ki yadda Baba yake kafin ya kwanta? Sai ki ce in miƙo miki almakashi. Ke kin san shi, Yaya. Ni kama kawai na yi da shi."

Tela ta so ta ji tausayi, amma abin da ya fara zuwa mata daɗi ne, wani sanyi a ƙirji, cewa ashe akwai abin da Auta ba ta da shi. Tausayin sai daga baya ya biyo, shi ma bai kori daɗin ba. Ta ce, "Share fuskarki, kwalli ya zubo. Mutane suna jiranki."

Da aka shafe bango aka kafa katako, Mai Zane ya fara fitar da zanen da alli. Tela ta fito ƙofar shago da tef a wuya ta tsaya tana kallo. Can ta ɗaga murya.

"Malam, ba ya tsayawa a miƙe haka kamar soja. Sauke kafaɗar hagu. Kuma fensir a bayan kunne yake sa shi, ba a aljihu ba."

Mai Zane ya goge ya gyara. Tun daga ranar ba ta bar shi ya huta ba, har ya fara zuwa da auduga a kunne, wai saboda ƙura.

Ana gab da gama aikin, Auta ta matsa mata sai ta zo rediyo ta ba da labarin gadar da bakinta. Tela ta ƙi, ta ƙi, sannan ta ɗinka sabuwar riga ta tafi, duk da Direba ya tuna mata cewa ba a ganin mutum a rediyo. A gaban makirufo ta daskare da farko. Da Auta ta tambaye ta abin da Baba yake cewa idan ƙusa ta lanƙwashe, sai bakinta ya buɗe. Ta faɗi yadda ya sayar da kekensa ya sayi ƙusoshi, da yadda Inna ta yi fushi ta daina yi masa magana har sai da ta taka gadar da ƙafarta. Ta yi ta magana har mai kula da na'ura ya riƙa nuna agogo.

Aka buɗe layi. Mai kira na farko wani dattijo ne, ya ce, "Auta, yau kam kin sa ni hawaye. Muryarki ta ɗan shaƙe, ko mura ce? Amma ba ki taɓa yin shiri mai daɗin wannan ba."

Auta ta danne dariya ta yi masa bayani cewa yayarta ce ta yi maganar. Ya ce, "To, to, madalla. A gaishe ta. Allah ya yi miki albarka, Auta."

A mota Auta ta kifa kai a kan sitiyari tana dariya har da hawaye. Tela ta zauna ƙiƙam, jaka a cinya, tana kallon gaba.

"Gobe ki sake faɗa musu," ta ce. "A farkon shiri, ba a ƙarshe ba."

"Zan faɗa, Yaya."

"Kuma ki ce tela ce, shagonta yana kallon bangon. Ja mota mu tafi, ina da ɗinkin mutane."