In Ba Ka Nan

Ranar da na fara aiki a kamfanin inshorar rai, Manaja ya tara mu sababbin wakilai a ɗakin taro, ya ɗaga yatsa ya ce akwai kalmar da ba ya son ji daga bakin kowa, wato mutuwa. Wai ita ke korar kwastoma. "Ku riƙa cewa 'in ba ka nan'. Da taushi, da murmushi." Ni da bakina bai iya kwana-kwana ba, haka na tsaya gaban madubi a gida ina maimaitawa, har ƙanwata ta leƙo ta tambaye ni ko sabon saurayi na yi.

Aikin kuwa na gwaji ne. Ka samo wanda zai shiga inshorar, ya kuma zauna bai fita ba har gwajin ya ƙare, a tabbatar da kai, da albashinka da teburinka. In ba haka ba, ga ƙofa nan. Na yawata har dunduniyar takalmina ta cinye. Wani tela ya saurare ni tsaf yana gyaɗa kai, ashe jira yake in gama in riƙe masa bakin yadi.

Ana cikin haka Allah ya haɗa ni da wani direban babbar mota a gareji, yana shan shayi ana canza masa taya. Na gaishe shi, na gyara murya.

"Malam, ɗan abu kaɗan za ka riƙa biya duk wata. In ba ka nan, kamfani ya ba iyalinka kuɗi masu kauri."

Ya ajiye kofi. "In ba na nan?"

"In ba ka nan," na ce, da taushi, da murmushi.

"Kai! Ai irinmu aka yi wa wannan, Malama. Mu da yau kana nan, gobe ba ka nan."

Wallahi har raina na ce ga mutum mai zurfin tunani. Na ce in karanta masa takardar, ya ce kaya na jiransa, ya ɗora takardar a kan murfin injin ya rattaba hannu. Na koma ofis ina taku ɗai-ɗai kamar ni na gina wurin.

Gwajina saura kaɗan ya ƙare, ran nan da hantsi wata mata ta hawo benenmu tana haki, ta tsaya gaban teburina ta ce ita ce matar Direba.

"Na zo karɓar kuɗin nan. Maigidan ba ya nan."

Na yi salati, hawaye suka zubo, don mutumin ya shiga raina. Akawu ya bar lissafinsa ya matso, mai shara ta jingine tsintsiya, Manaja da kansa ya fito yana gyara wuyan riga.

"Allahu akbar. Yaushe abin ya faru, Hajiya?" in ji Manaja.

"Laraba da sassafe."

"Ya yi jinya?"

"Wace jinya? Lafiyarsa ƙalau. Ya ci ya ƙoshi, har da neman ƙari."

"Haka rai yake," in ji Akawu, yana girgiza kai.

"Yara fa?" na tambaya ina share hanci. "Sun sani?"

"A gabansu ya tafi. Ƙaramin ma cewa ya yi a taho masa da ƙwallo."

Mai shara ta fashe da kuka. Matar ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ikon Allah, kuna da tausayi a wurin nan. Ku kwantar da hankalinku, ni na saba. Duk wata sai ya yi haka."

Kafin wani ya samu abin cewa, wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta duba ta ce, "Yauwa, ga shi ma yana kira." Mai shara ba ta tsaya jin sauran ba, sai ƙarar takalminta muka ji a matakala.

Muryar Direba ta cika ofis, ga hon ɗin motoci a bayansa. "Sun ba ki? Ki ce musu wannan tafiyar mai nisa ce, su ɗan ƙara."

Manaja ya ja ni gefe yana magana ta cikin haƙora. Wai ni na ɓata bayani. Ni! Kalmar wa na faɗa? Murmushin wa na yi? Ya ce in mutumin nan ya dawo ya soke yarjejeniyar, in haɗa jakata in bi shi. Na haɗiye abin da ya zo min baki, don ina son aikin, kuma haya ba ta jiran mai zuciya.

Da Direba ya dawo daga tafiya, suka zo tare da matar, ko wanka bai tsaya yi ba. Manaja ya shige ofishinsa ya turo ƙofa, ya bar ni da su.

"Malama, kin ce in ba na nan a biya. Ban kasance nan ba. Ina matsalar?"

Na duba ƙofar Manaja, na duba mutumin nan, na ji murmushin ya ishe ni.

"In ka mutu, Malam. Nufin ke nan. Mutuwa ta gaske, wadda ba a dawowa da ƙwallo."

"A'uzubillahi!" Matar ta miƙe tsaye. "Ji mugun baki! Ashe abin da kuke sayarwa ke nan, shi ya sa kuke ta kuka? Baban yara, tashi. A soke, a soke yanzun nan, ba da mu ba."

Na jawo takardar sokewa na ajiye wa Direba. Shi ke nan, na ce a raina, aiki ya tafi.

Bai taɓa alƙalamin ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, duk baƙin mai.

"A tafiyar nan na wuce motar abokina a gefen hanya, ta yi raga-raga," ya ce. "Da lambarta kawai na gane ta. Na biya ta gidansa a hanyar dawowa, na tarar matarsa cikin takaba tana fitar da kujeru za ta sayar." Ya ture takardar gefe. "A bar shi yadda yake."

"Ni ba na son kuɗin," in ji matar, muryarta ta sauka.

"Na sani. Ni ma ba na son ki karɓa."

Ta koma ta zauna, ta riƙe bakin rigarsa kamar wani zai ƙwace shi. Aikina ya tsira, amma wallahi kasa murna na yi, tausayinsu ya cika min ƙirji.

Har sun kai ƙofa ya juyo.

"Malama, in ranar ta zo, ke za ki kai mata har gida? Ba na son ta sake hawo benen nan tana yi wa mutane bayani."

Na ce ni zan kai, da ƙafata.

"To sai ki riƙe aikin nan da kyau," ya ce. "Don ni ba sauri nake yi ba."