Atamfar Inna Sauda

Ƙafarta ɗaya tana cikin motar Argungu, ɗaya tana ƙasa, aka miƙo wa Inna Sauda yaro.

"Inna, riƙa mani shi in gyara mayahi," in ji Hajiya Maimuna, shugabar ƙungiyar masu reno.

Malama Priscilla da ke tsaye bakin ƙofa ta ji ranta ya ɓaci tun kafin a je ko'ina. Ta san wannan riƙon. Daga "riƙa mani" ake farawa, a ƙare da wuni.

Inna Sauda maƙwabciyarta ce a Badariya, katanga ɗaya ta raba su tun zuwan Priscilla daga Jos koyarwa a makarantar ƙananan yara. Tsohuwar ba ta da miji, ba ta da ɗa a raye, amma tsakar gidanta ba ya rabo da kuka da dariya. Duk matar da ke aikin gwamnati a unguwar, a nan take ajiye ɗanta da safe. Kefas ɗan Priscilla ma a bayanta ya yi wayo.

Da ofishin jin daɗin jama'a na Sakkwato ya sa aka kafa ƙungiyar masu reno, sai aka yi doka: ba mai zama 'yar ƙungiya, ba mai ɗaura shuɗiyar atamfarsu, sai wadda ta halarci kwas ɗin da ake yi a Argungu bayan yankan shinkafa. Abin haushin shi ne, duk shekara matan da za su tafi koyon reno, a hannun Inna Sauda suke barin 'ya'yansu. Su dawo da takardar shaida da hoto, ita kuma a ce mata sai baɗi. Baɗin nan ya yi ta zuwa yana wucewa har ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya fara yi mata gardama.

"Malama, ni ba takarda nika biɗa ba," ta taɓa ce wa Priscilla ta kan katanga. "So nikai a ce Sauda sana'a ag gare ta, ba zaman banza takai da ɗiyan mutane ba. In tsaya cikin hoton nan ko sau guda. Ban ga alamar ina kai baɗi ba."

Shi ya sa bana, da aka sa sunan Priscilla cikin masu tafiya, ta kafe. Ta ce ita za ta zauna da yaran, Inna ta tafi a kujerarta. Ta ba ta nata turmin atamfar, aka ɗinka. Da safen nan tsohuwar ta fito fes, ta sa kwalli, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

Yanzu ga Ummaru, autan Hajiya, jikinsa zafi zau saboda haƙori, ya damƙe bakin sabon zanen da hannu biyu.

"Kawo shi nan, Inna," Priscilla ta ce, tana matsowa da sauri. "Ni ce mai reno yau. Ki shiga mota."

Yaron ya tsala ihu. Ta yi masa wasa, ta yi masa waƙa, ta nuna masa akuya, ya ƙi ko kallonta. Direba ya danna hon.

"Ke ko Malama, ki bar shi mana wurin wadda ya sani," in ji Hajiya daga cikin mota. "Kin ga ba ya da lahiya. Inna, ki yi haƙuri, baɗi in sha Allahu ke ta hwarko."

"Hajiya, ɗanki ne fa. Ki sauko ki zauna da shi, ita ta tafi."

"In na zamna wa za ya buɗe taro?"

Priscilla ta kai hannu za ta ɓamɓare yatsun yaron daga zanen. Inna Sauda ta riƙe mata wuyan hannu. Ai duk Badariya an san dokarta, kuma ta girmi ta ƙungiya.

"Bari, ɗiyata. Ɗan da ya riƙa bakin zanenka ba a ɓamɓare mai hannu. Shi ka saki da kainai."

"Inna, don Allah. Yau kaɗai."

Tsohuwar ta zare ƙafarta daga mota. Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗora Ummaru a baya, ta kwance gyalen atamfar ta ɗaure shi da shi. Mota ta tashi da kujera ɗaya ba kowa, don Priscilla ta rantse ba za ta hau ba. Ranar duk abin da ta taɓa sai ta dangwarar da shi, har Inna ta ce mata ta tausaya wa kwanonin mutane.

Ba a gama sussukar shinkafar Ambursa ba ciwon ya kwantar da Inna. Ko a haka ba a daina kawo yara ba, sai dai a leƙa ɗaki a ce "Inna, ya jiki?" a ajiye yaro a wuce. Wata Talata bayan la'asar Priscilla ta shigo da kunu, ta same ta jingine da bango, idonta a kan yaran da ke wasa a ƙofar ɗaki.

"Hoton ya hito?"

"Ya fito, Inna."

"Sun yi kyawo?"

Priscilla ta ajiye kunun kusa da ita. Inna ta ce a janye yaran zuwa inuwar darbejiya, kada su gani. Kafin Priscilla ta dawo daga kai su, Inna ta cika.

Ranar addu'ar uku 'yan ƙungiya suka zo gaisuwa cikin shuɗiyar atamfarsu, suka cika tsakar gidan. Hajiya Maimuna ta share hawaye, ta ce sun zauna sun yanke shawara, daga yau marigayiya 'yar ƙungiya ce.

"Daga yau," in ji Priscilla. Abin da ta iya faɗa ke nan, don in ta ƙara kalma ɗaya, ba za a rabu lafiya ba.

Hajiya ta sauke Ummaru daga cinya don ta shafa fatiha. Ta waiga dama, ta waiga hagu, hannunta a miƙe da yaron kamar yadda ta saba, ba wadda za ta karɓa. Ta ajiye shi ƙasa.

Yaron ya rarrafa ta tsakanin ƙafafun mata har bakin igiyar shanya, inda aka wanke kayan Inna aka rataye. Ya dafa turmi ya miƙe, ya kama bakin shuɗin zanen da hannu biyu, ya tsaya yana jira.

Hajiya ta yunƙura za ta ɗauko shi. Priscilla ta riƙe mata wuyan hannu.