Kwanson da Malam Bara'u Ya Ƙi Zubarwa

"Matso da shi kusa da taga, Sunusi. Akwai tsaga ko babu?"

Sunusi ya juya kwanson harsashin a tafin hannunsa. Leɓen gindinsa ya lotse, ga wata siririyar tsaga kamar gashi. Maƙwabcinsa Malam Bara'u, tsohon injiniya, shekara ashirin yana harbin gasa da lasisi, kuma da hannunsa yake sake cika kwansunan da ya harba, a shed ɗinsa, ɗan ɗakin aiki na bayan gida, a unguwar Cheetham Hill. Bai taɓa neman aron ido ba sai yau Asabar.

"Yaya, wannan na kwandon shara ne."

"Sau tara na cika shi, bai ba ni kunya ba. Kai da tuƙin bas ka sani, za ka koya min ƙarfe?"

Ya ɗauki magagari ya hau goge leɓen, yana laluben wurin da babban yatsa. Sunusi ya lura ba ya ma kallonsa.

Makon jiya Shifa, 'yar Malam ɗin, ta kira Sunusi daga Small Heath. "Kawu, in idon Baba ya fara rauni, please ka gaya min. Zan yi wa GP, likitansa, magana su karɓe lasisin."

Kamar ya ji tunanin, Malam Bara'u ya ce, "Abin da ka gani a nan, a nan zai tsaya. Tun rasuwar matata Raki wannan kaɗai ya rage min. Amana ce."

Sunusi ya karɓa. Ya kira shirunsa kara, alhali tsoron ɓacin ran dattijo ne kawai.

Ranar Laraba Malam Bara'u ya tafi filin harbi. Harsashin ya maƙale a cikin bindiga, ƙugiyar da ke fizgo shi ta rasa leɓen kamawa. Doka ita ce ka ɗaga hannu mai kula da fili ya zo. Amma zuwansa na nufin ya ga aikin magagari, ya ga idon da ya yi shi. Sai Malam ya ja gefe, ya zura sandar goge bindiga ta baki, ya doka. Harsashin ya tashi, ya same shi.

Bayan jana'iza Sunusi ya tarar da Shifa a kicin ɗin mahaifinta, 'yan sanda biyu na fita da akwatin ƙarfen bindigogin.

"Kawu, ba ka ga komai ba?"

Sunusi ya ce, "Na gani. Ranar Asabar."

"Asabar," in ji ta.

Butar shayi ta tafasa ta kashe kanta. Shifa ta zuba kofi biyu, ta ɗauki nata. Ɗayan ta bar shi can ƙarshen tebur, tururi na tashi, har ya daina.