Talatar da Muka Ɗaga

"Me zan ce musu?" Maman Auta ta rufe bakin wayar da tafin hannu tana kallona. "Wai an sami gado a asibiti, mu kawo Auta ranar Talata."

Ina kan keken ɗinki, allura a bakina. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata. Yaya nake ce mata, kuma shekara goma sha tara ke nan komai ya taso sai ta shigo ta tambaye ni. Ni kuwa da shegen bakina ban taɓa cewa ban sani ba.

Auta 'yarta ce, shekararta ashirin da huɗu. Ta gama karatun zanen gine-gine, ta fara aiki ke nan ciwon ya kayar da ita. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Ba zazzaɓi, ba rauni, amma shekara biyu yarinyar nan tana kwance fuskarta na kallon bango. Magani kala huɗu aka canza mata. Na farko ya yi ta sa ta barci, na biyu ya kumbura ta, sauran biyun kamar ruwa take sha. Daga ƙarshe likitan ya ce ya yi iya yinsa, ya rubuta takarda zuwa babban asibiti, inda ake sa mutum barci a yi masa magani da lantarki a ka. Ya ce masu irin nata da yawa suna dacewa. Wata biyar muna jiran layi.

To, a makon da aka kira ɗin ne Auta ta tashi. Wallahi ta tashi! Ta yi wanka ba wanda ya roƙe ta, ta share ɗakinta, ta ɗage labule. Har wurina ta shigo da rigunanta a ninke.

"Anti, ki rage wa 'yan matanki waɗannan, sun yi mini yawa."

"Ke kuma ki sa me, buhu?"

Ta yi dariya. Rabona da ganin dariyar nan har na manta tana da wushirya.

Shi ya sa da uwar ta tambaye ni, na zare allurar daga bakina na ce, "Haba Yaya! Yarinya ta warware, sai ki kai ta a jona mata wuta a ka kamar rediyo? Ki ce su ɗaga."

"Likita fa ya ce duk canjin da muka gani mu gaya masa."

"Canjin alheri ma sai an kai ƙara?"

Ta mayar da wayar kunnenta, ta ce a ba wani gadon, jiki ya yi sauƙi. Sau biyu matar asibitin tana tambaya ko ta tabbata, sannan ta ce za a mayar da sunan ƙarshen layi. Ba wanda ya tambayi Auta. Da aka gaya mata, sai ta dafa kafaɗar uwarta ta ce, "To Mama, ba komai."

Ranar Talata da hantsi ina yankan yadi na ji ihun Yaya ta bayan katanga. Ban taɓa jin irin wannan ƙara daga bakin ɗan Adam ba. Na fita ba takalmi. Abin da na tarar a ɗakin Auta ba zan faɗa ba. Gadonta dai a gyare yake tsaf, taga a buɗe.

Likitan ya zo gaisuwar rasuwa bayan kwana uku. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Likita, ta fa sami sauƙi. Har kayanta ta raba."

Ya ce, "Hajiya, idan mai wannan ciwon ya miƙe farat ɗaya yana rabon kaya, wani lokacin ba warkewa ba ce. Ya gama yanke shawara ne. Lokacin ya fi buƙatar a kawo shi."

Bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi.

Yaya ba ta taɓa ce mini "ke ce" ba, kuma wannan ya fi komai cin raina. Kullum da la'asar tana shigowa ta zauna a kujerar gefen keke, tana taya ni tsinke zaren da ya yi saura a jikin ɗinki. Sai dai ta daina tambayata komai.

Jiya tana zaune wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji muryar wata mata.

"Daga asibiti ne. Lambar mahaifiyar a kashe take, taki ce ta biyu a takarda. Layi ya zo kan 'yarku, Litinin da ƙarfe takwas. Kada ta ci komai da safe."

Yaya ta ɗago kai. "Wane ne?"

"Kuskuren lamba ne."

Ta gyaɗa kai, ta koma kan zarenta. Na kifa wayar a cinyata, hannuna ya kasa kashe ta. Muryar matar na fitowa siririya ta cikin zanena: "Kina jina? Za ku kawo ta?"