Zakaran Kawu Anténor

Ranar da 'yan bindiga suka shigo unguwarmu, kowa abin da hannunsa ya kai gare shi ya ɗauka. Ni na suri 'yata da jakar takardunmu. Inna Ketlie, matar kawuna, ta ɗora babbar tukunyarta a ka. Shi kuwa Kawu Anténor da zakaransa na dambe ya fito a hammata, takalmi ƙafa ɗaya.

Wata biyar muka yi a wata makarantar firamare a Port-au-Prince, babban birnin ƙasarmu, gida tara cikin aji ɗaya, zannuwa ne katangarmu. Zakaran, wanda Kawu ke kira Janar, ɗaure yake a ƙafar benci. Kullum sai Inna ta yi wa Kawu gori.

"Maza na ceto rediyo da katifa, nawa mijin tsuntsu ya ceto!"

"Ke dai ba ki san daraja ba," in ji Kawu. "Sau goma sha ɗaya ya shiga fage, bai taɓa juya baya ba."

Da Disamba ta zo ƙarshe Inna ta ce ko a bakin titi muke kwana, sai mun shiga sabuwar shekara da miyar kabewa, yadda iyayenmu suka saba, domin ranar farko ta shekara ita ce ranar 'yancin ƙasarmu. Dieula mai tallan gawayi ta samo kabewa biyu. Aka haɗa kabeji, karas da ɗan guntun taliya. Nama ne babu. Sai idanu suka koma ƙarƙashin benci.

"Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa!" Kawu ya faɗa, ya ja bencin kusa da tabarmarsa.

Kwana biyu ba ya kula kowa. Amma da safiyar ɗaya ga wata, ana hura wuta a tsakar makaranta, sai ga shi rungume da Janar, idanunsa jajir. Ya miƙa wa Inna.

"Ungo. Yaran nan rabonsu da nama tun Agusta. Ki dai bari in yi nisa tukuna."

Inna ta karɓa, ta matsa ƙirjin zakaran, ta ja cinyarsa, ta yatsina fuska.

"Maigida, wannan ai tayar mota ce! Gawayin Dieula kaf sai ya ƙare bai yi laushi ba. Kwashe tsohonka ka ba ni wuri."

Na ga lokacin da ta juya ta share ido da bakin zane. Da na dube ta sai ta ce hayaƙi ne.

Haka aka dafa miyar ba nama, aka cika ta da tafarnuwa da barkono. Ta yi kauri, ta yi daɗi har muka yi mamaki. Muka aika kwano kwano zuwa sauran azuzuwan, su ma suka aiko mana da tasu, har wata miyar ta zo da ƙashin akuya a ciki, yara suka yi ta rububinsa. Wani ya kifa bokiti ya fara kiɗa. Kawu ya sha kwano uku, sannan ya miƙe ya ja hannun Inna tsakiyar fili.

"Sake ni, mutane na kallo!" ta ce, amma ta riga shi fara taka rawar.