Ƙarfen da Ke Rataye a Darbejiya

Da ƙyar da jiɓin goshi Malam Ubaidullahi ya yarda 'yarsa Amatullahi ta shiga aji biyar. Ta daɗe rabonta da makaranta, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyensu aka rufe ta, su kuma suka kwaso 'yan komatsansu suka dawo bayan garin Funtua. Har yau ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai yarinyar ta zabura ta nemi ƙofa.

"Zan bar ki ki gwada," in ji shi. "Amma ranar da kika firgita kika bazama, kin gama karatu. Ba zan je in tsinto ki ƙarƙashin tirela ba."

Ta ce, "To, Baba."

Malama Zaituna, malamar ajin, ta zaunar da ita bakin taga kusa da Kemi, 'yar wani mai shagon atamfa. Kemi haifaffiyar Funtua ce, ga Hausa a baki, ga surutu kamar an kunna rediyo. Kafin hantsi ta gaya mata malamin da ke duka da wanda bakinsa ne kawai. Amatullahi har ta fara sakin jiki.

Sai lokacin tara ya yi. Monita ya je gindin darbejiya, inda aka rataye wani tsohon ƙarfen tayar mota, ya hau jibgarsa da guntun rodi.

To, irin wannan ƙarfen ne makarantar ƙauyensu take da shi. Da aka rufe ta, 'yan sintiri suka mayar da shi bakin gari, daga nan kuma kukansa abu ɗaya yake nufi: sun zo, kowa ya faɗa dawa.

Amatullahi ba ta yi shawara da kowa ba, balle da hankalinta. Ta damƙe hannun Kemi, ta haura taga da ita, suka kutsa gonar dawar da ke bayan aji. Ganye yana yankar hannuwansu, laka tana cinye takalma. Can ciki ta danne Kemi a kwarin kunya, ta toshe mata baki. Baiwar Allah Kemi sai hawaye, ba ta san laifin da ta yi ba.

"Amatullahi! Kemi!" Ana ta kira daga bakin gona.

Ta ƙara lafewa. A ƙauyensu ba a amsa kira, domin mutanen sukan ɗora wa mutum bindiga su sa shi ya kira nasa da suna. Haka aka fito da maƙwabciyarsu Inna Kulu, kuma har yau shiru.

Sannu a hankali wasu muryoyi suka riƙa shigo mata: dariyar yara, ƙarar ƙwallo, mai awara tana faɗa kan canji. Nan ta gane tara aka fita. Tsoron farko ya sake ta, wani da ya fi shi ya kama ta. Baba!

Malama Zaituna ce ta biyo sawunsu, ba tare da ta kira kowa ba. Ta tsuguna ta janye hannun daga bakin Kemi.

"Malama, don girman Allah kada ki gaya wa Baba."

"Ba zan kai masa ba," in ji ta. "Amma in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

Da aka tashi, Kemi ta raka Amatullahi har gida, duk da hannun da aka damƙe mata ya kumbura. Ta gaida Malam Ubaidullahi, ta ce ai ciyawa aka sa su cirewa, shi ya sa laka. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Amma idonsa yana kan tsagar da ke hannun 'yarsa. Ya san yankan ganyen dawa, akwai irinsa a nasa hannun. Kallon nan kuwa ya hana ta cin tuwo.

Da safe ta ɗauki tsintsiya, don ta riga ta sallama karatun.

"Ajiye," in ji shi. "Sa kayanki."

Ya riƙe hannunta har gaban hedimasta. "Malam, alfarma nake nema. A bar ta ita ta riƙa buga ƙarfen nan. In ita ta buga, ta san ba su ba ne."

Aka miƙa mata rodin. Ya yi mata nauyi. Ta rintse ido ta kai duka, ƙarar ta ratsa ta har ƙashi, ƙafafunta suka ce a gudu. Ta cije ta ƙara.

Yara suka ruga layi. Ita kuwa ta buɗe ido tana neman Baba, don ya ga ba ta gudu ba.

Yana nan tsaye, ya rungume darbejiyar da hannu biyu, idonsa a rufe.

"Ƙara ɗaya, 'yata," in ji shi. "Ni ma ina koyo."