Fararen Duwatsun Che Bwanali

"Ajiye bokitin nan, tsoho, kafin ka faɗa ciki!" in ji Asiyatu.

Che Bwanali ko ɗagowa bai yi ba. Yana durƙushe a bakin filin jirgi yana shafa wa dutse farar ƙasa, tari na jijjiga shi. Shekara tara aikinsa ke nan a barikin sojan Fotugal na ƙauyensu a yankin Niassa: ya jera duwatsu, ya shafe su fari fat, don matuƙi ya gane wurin sauka. Ranar da sojojin suka kwashe komatsansu, kyaftin ɗinsu ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya ce an sa hannu a takarda, jirgin magani zai ci gaba da zuwa duk Alhamis muddin ana hango duwatsun daga sama. A jirgin nan allurar tarin fukarsa take zuwa.

Alhamis bakwai ke nan, ko ungulu ba ta sauka ba.

"Mutanen da suka ɓalle har ƙyauren makewayi suka tafi da shi, su ne za su dawo don ƙirjinka?" in ji Asiyatu.

"Ke ba ki san soja ba. In bai ga fari ba, ba ya sauka. Ruwan sama ne ke ɓata mini aiki."

Danga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Tun rasuwar matarsa Asiyatu ke miƙa masa tuwo ta saman dangar, da faɗa a kai kamar miya. Tana jin tausayinsa ƙwarai, sai dai bakinta bai iya nunawa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, farar ƙasa ta riga ta ƙare, ruwa kuma ya wanke duwatsun tas. Ran Laraba da hantsi ta kai masa kunu, ya kama bakin zanenta.

"Maƙwabciya, gobe Alhamis."

Ita kuwa da kunnenta ta ji a rediyon mai kanti cewa jirgin ruwan ƙarshe na sojojin ya tashi. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, ya riga ta.

"Na sani," ya ce. "Ni dai kada a ce daga wajenmu aka saɓa alkawari."

Ta koma gida ta zazzage ɗan garin rogon da ya rage mata a bokiti, ta dama da ruwa, ta nufi filin. Dutse arba'in da biyu ta bi a tsakar rana, tana shafawa tana tsine wa kyaftin, hawaye na ɗiga cikin bokitin. Da ta dawo ta nuna masa hannuwanta, fari fat har gwiwar hannu.

"Duka?"

"Duka, fitinanne. Har na bayan surin nan."

"To, madalla. Mu mun cika namu."

Ya cika washegari kafin azahar, fuskarsa na kallon ƙofa.

Da maza suka ɗauke shi zuwa makwancinsa, Asiyatu ta fito bakin danga ta tsaya. Sama wasai, ba motsin komai. Can a filin, awakin unguwa sun bi layi suna lashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa za ta jefe su, ta daɗe riƙe da ita, sannan ta sake ta ta faɗi.